Wa ke jin labari daga ƙarshe a wurin aikinku?

(Jawabin da wata ƴar uwarmu ta gabatar a zaman tattaunawar matasa da aka yi a Maradi. Ga shi kamar yadda ta faɗa, da ɗan gyara kaɗan.)

  Na gode da kuka baro fadodinku da sana'o'inku kuka zo, ga zafi ga ƙura. Allah ya bar zumunci.

An ce in yi magana kan abin da masana ke kira sadarwar cikin gida, wato yadda magana ke yawo tsakanin mutanen da ke aiki wuri guda, da yadda za a yi amfani da ita don kowa ya ji ana damawa da shi. Kafin in ba kowa shawara, bari in fara da laifina.

Da na gama jami'a a Yamai, na samu istaji a wata ƙungiya mai zaman kanta, daga baya suka riƙe ni da ɗan kontra. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da zan faɗa ba nata ba ne ita kaɗai. Mu wajen talatin ne a gidan. Akwai Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Abzinawa, Barebari, akwai Musulmi akwai Kirista, maza da mata. In baƙi suka zo daga waje, sai shugabanmu ya tara mu a ɗauki hoto, ya ce ga Nijar nan a dunƙule. Kuma wallahi hoton yana kyau.

Sai layya ta matso. Aka yanke shawarar ba ma'aikata abansi su sayi rago, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan cikin albashi. Mai so ya kai sunanshi wurin kontabul kafin ranar Alhamis. Ni aka sa na rubuta sanarwar. Na zauna na tsara ta da Faransanci mai kyau, irin wanda malamina zai yi alfahari da shi. Shef ya sa hannu, aka buga hatimi, na liƙa ta ga allon sanarwa da ke cikin baranda, na ɗauki hotonta na jefa cikin gurup ɗinmu na WhatsApp. Na ce na gama aikina.

Ranar Litinin da ta biyo, ina shigowa da safe, sai maigadinmu ya tsaida ni. Dattijo ne, duk Baba muke ce mishi. Ya ce: "Ɗiyata, in tambaye ki mana. Na ji yara na ta zancen kuɗin rago. Mu ba a yi da mu ne?"

Na ce: "Haba Baba, ai an liƙa takarda tun wancan sati."

Ya ce: "A ina?"

Na ce: "Ga allon da ke cikin baranda."

Sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗiyata, shekarata tara bakin ƙofar nan. Sau nawa kika gan ni cikin barandar? Kuma ko na shiga, takardar ba ta yi mini magana."

Na ruga wurin kontabul, ya ce an rufe lissafi, kuɗi sun fita. Da na bincika, ba Baba kaɗai ba ne. Matar da ke muna shara ba ta ji ba. Direbobi biyu da ke kan hanya ba su ji ba. Wato waɗanda albashinsu ya fi ƙanƙanta, waɗanda suka fi kowa buƙatar abansin, su ne labarin bai kai ma ba. Baba sai bashi ya ci a kasuwa a shekarar. Babu wanda ya ƙi shi, babu wanda ya zauna ya ce a cire shi. Mantawa muka yi da shi, kuma ni na riƙe alƙalamin.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, Baba yana jin Tamajak, yana jin Hausa, yana jin Zabarmanci, yana karanta Larabci da ajami. Ni mai lisansi ban kai shi yawan harsuna ba. Amma a tsarin gidan, shi ne wanda bai iya karatu ba.

Tun ranar nake da tambaya guda da nake auna kowane wurin aiki da ita: in labari ya fito, wa ke jin shi daga ƙarshe? In kuka samo wannan mutumin, kun samo wanda aka ɗauka aiki amma ba a shigo da shi gida ba.

Ƴan uwa, tara mutane iri-iri wuri guda abu ne mai kyau, amma rabin aiki ne. Kamar ka gayyaci mutum biki ne, ya zo, ba ka nuna mishi tabarma ba, ba ka gaya mishi an sauke abinci ba. Ya zo bikin, amma da wanda bai zo ba duk ɗaya. A wurin aiki, labari shi ne tabarmar. Wanda ya ji da wuri cewa za a buɗe sabon matsayi, shi ke shirya takardunshi. Wanda ya ji za a tura mutum horo, shi ke neman a tura shi. Wanda bai ji ba sai dai ya ga an wuce shi, a ce mishi ai an sanar. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, to a ofis wani lokaci mu ke kashe ma mutane fitila.

Mu fara da harshe, don nan ne babban katangar take. A dokar 2001 ƙasarmu ta amince da harsunan ƙasa 10: Hausa, Zabarmanci da Sanwai, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, Tubanci, Larabci, Gurmanci, Buduma da Tasawak. Amma takardun aiki kusan duka da Faransanci ake yin su, alhali ƙiyasin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta bayar ya nuna kusan mutum 13 cikin 100 ne ke jin shi a Nijar. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko. To in ma'aikata tana da masu gadi, masu shara, direbobi, masu dafuwa, leburori, ta kuma ce hanyar sanarwarta ɗaya ita ce takardar Faransanci, ta riga ta raba gidan biyu: ƴan cikin kilim da ƴan bakin ƙofa.

Har cikin ƴan kilim ɗin ma akwai matsala. Wa bai taɓa ganin taron da mutum ke da shawara mai amfani amma ya yi shiru, don yana tsoron ya karya Faransanci a yi mishi dariya? Sai wanda ya iya lanƙwasa harshe ya cinye lokacin duka, ko da abin da yake faɗa ba shi da ƙashi. Mun mayar da iya Faransanci ma'aunin hankali, kuma wannan gado ne da ya kamata mu ajiye.

Kun san a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mu Hausawa da yawa mun yi murna. To amma ina so in ja kunnenmu, ni da ku. Kada mu yi ma wasu abin da muke kukan an yi muna. In kana da abokiyar aiki ƴar Tilaberi wadda Hausarta ba ta nuna ba, ko wani daga Difa da ya zo Maradi bara, kuka juya taro zuwa Hausa mai karin magana da habaici kuna dariya, ku sani ita ma takardar ba ta yi mata magana. Yawanmu ba hujja ba ce, nauyi ne a kanmu.

Mafita ba ta da tsada. Duk sanarwar da ta shafi kuɗi, hutu, lokacin aiki, lafiya ko tsaro, a fitar da ita ta hanya biyu ko uku. A rubuta, don rubutu shi ne shaida. Sannan a yi bokal na minti ɗaya ko biyu da harsunan da ake ji a gidan. Mu ƴan Nijar ai mun fi kowa sanin amfanin bokal, da shi iyayenmu a ƙauye ke gaisawa da ƴaƴansu da ke Libiya da Abijan. Wanda ba shi da babbar waya ko ba shi da mega, a sa wani takamaimai ya je ya gaya mishi baki da baki. Ba "wani ya gaya ma Baba" ba, a'a, a ce wane, kai za ka gaya ma Baba yau. In aikin kowa ne, to ba na kowa ba ne. Kuma in an gaya ma mutum, kada a tsaya ga "ka gane?", don kunya za ta sa ya ce e. A tambaye shi: "To Baba, yaushe za ku kai sunan, kuma wurin wa?" Amsar da ya bayar ita za ta nuna ko saƙo ya isa.

Katanga ta biyu, ni kaina na buga kai da ita. Na yi wata da watanni ina mamakin yadda muke shiga taro da safe, sai in ga kamar an riga an gama maganar. A ce wane zai tafi misiyo Tawa, wane zai je horo, kowa ya gyaɗa kai. Ni ina ta tambayar kaina yaushe aka tattauna wannan. Ashe akwai fada. Bayan isha'i, mazan ofis, har da shef, suna haɗuwa ƙofar gidan ɗayansu, ana dafa shayi ana hira. Nan ake raba misiyo, nan ake raba horo, nan ake sanin wa za a sabunta ma kontra. Taron safe karanta sakamako ne kawai.

Ni ba na ƙin fada. Fada makaranta ce, majalisa ce, ta taimaki matasan ƙasar nan ƙwarai. Amma ku gaya mini, wace mace ce za ta zauna fadar maza ƙarfe goma sha ɗayan dare gari bai ɗauka ba? Matar aure mai goyo fa? Har cikin maza, wanda gidanshi ke bayan gari ba shi da babur, ko baƙon da bai saba da kowa ba, duk an bar su waje. Kuma misiyo ba yawo ba ne. Kuɗin hanya ne, gogewa ce, sanin mutane ne. In an zo ƙarin girma sai a ce wance ba ta da gogewar aikin karkara. Ta ina za ta samu?

Mu tuna ranar 13 ga watan Mayu 1991. Ana shirin babban taron ƙasa, aka kafa kwamitin shirya shi, mace ɗaya tak aka sa ciki. Iyayenmu mata suka fito kan titi a Yamai suka ce ba za a tsara makomar ƙasa ba su nan. Shi ya sa har yau 13 ga Mayu take ranar matan Nijar. Daga baya aka samu dokar kaso ta shekarar 2000, wadda ta ware aƙalla 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe da 25 cikin 100 a na naɗi. A 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Nasara ce, kuma da gumi aka same ta. Amma doka kujera take iya ba ki. Ba ta iya hana a kwashe maganar a kai ta wurin da ba ki zuwa.

Don haka ƙa'ida ta zama guda: a sha shayi inda aka ga dama, amma shawarar aiki a wurin aiki ake yanke ta, cikin lokacin aiki, gaban waɗanda ta shafa. Duk wata dama, misiyo ne, horo ne, sabon matsayi ne, a sanar da ita ga kowa rana ɗaya, a faɗi sharuɗɗa, a faɗi ranar rufewa, in an zaɓa a faɗi dalili. Bayan kowane taro a fitar da ɗan taƙaitaccen bayani: mi aka yanke, wa zai yi, yaushe. Wadda ke hutun haihuwa, sati 14 da dokar aiki ta ba ta, a ci gaba da tura mata, kada ta dawo ta tarar an raba komai.

A cikin taron ma akwai abin lura. Al'adarmu ta girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma in shef ya fara faɗin ra'ayinshi, taro ya ƙare, don babu ƙaramin da zai ce mishi a'a gaban jama'a. To shef ya zama na ƙarshen magana. A fara da sababbi da ƙanana, a zagayo. Kuma ku lura da wanda ake sa ma ɗaukar bayanin taro da kawo ruwa. In kullum mace ce, ko da ta fi kowa digiri, to an ba ta aikin da zai hana ta ɗaga kai ta yi magana. A riƙa yin shi bi da bi.

Na uku, ƴan uwanmu masu buƙata ta musamman. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu tun 2008, kuma dokar aiki ta 2012 ta ce a ware musu 5 cikin 100 na guraben da za a ɗauka. Ku ƙirga a wurin aikinku ku gani ko an kai. Inda aka ɗauka ma, sai ka ga an sa taro a saman bene alhali akwai mai keken guragu. Sai ka ga kurma zaune awa biyu yana kallon bakuna na motsi, babu mai yi mishi maganar hannu, babu wanda ya ba shi bayanin a rubuce. Ga wani ɗan abu da yawancinmu ba mu sani ba: makaho mai babbar waya yana da manhajar da ke karanta mishi rubutu da murya. In ka rubuta saƙo, zai ji shi. Amma in ka ɗauki hoton takarda ka tura, irin yadda na yi da sanarwar layya, sau da yawa manhajar ba ta iya karanta mishi. Kun ga, bokal da ke taimakon Baba ba ya taimakon kurma, rubutun da ke taimakon kurma ba ya taimakon Baba. Shi ya sa hanya ɗaya ba ta isa. Kuma kada mu zauna muna tunanin abin da ya dace da su. A tambaye su. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Na huɗu, kuma nan na san zan taɓa wasu, shi ne wasa. Allah ya ba mu wata dukiya da ƙasashe da yawa ba su da ita, wato wasan taubashi. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin jerin gadon ɗan Adam. Na ga yadda take kashe wuta a ofis. Mutum biyu sun ɗau zafi, sai wani ya jefa wasan taubashi, kowa ya fashe da dariya, magana ta mutu. Har gaskiyar da ba ka iya gaya ma mutum kai tsaye, taubashi na iya gaya mishi ya karɓa.

Amma wasan taubashi yana da sharaɗi: wanda aka yi ma yana da ikon ramawa. In shef ya yi ma ƙaramin ma'aikaci ba'ar ƙabila, shi kuma bai isa ya mayar ba don tsoron rasa aiki, wannan ba taubasantaka ba ce, danniya ce da aka sa ma rigar wasa. Haka zancen asali. Har yau akwai ofisoshin da ake raɗa cewa wane ɗan bayi ne, wance ƴar maƙera ce, kamar wannan ya rage musu wani abu. Ƙasar nan ta mayar da bauta babban laifi a dokar 2003. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai kan bautar da aka yi da ita. Ƙungiyar Timidria ta yi shekaru tana wannan faɗan. Ba daidai ba ne mu ƴan boko mu dawo da abin ta bayan gida da sunan raha. Haka wasan da ake yi da jikin mace, ko ba'ar addinin abokin aiki. Kuma gurup ɗin WhatsApp na aiki, na aiki ne. In ya cika da wa'azi da siyasa da bidiyon ba'a, wasu za su kashe sautinshi, ranar da saƙo mai muhimmanci ya zo ya wuce su.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu maganar da ke sauka ce daga sama zuwa ƙasa. To wadda ke hawa fa? In aka zalunci mai shara, wa za ta gaya ma? In wani babba ya dame yarinyar da ke istaji da saƙonnin dare, ina za ta kai kuka? Dokar aiki ta hana wannan, ta kuma hana nuna bambanci saboda jinsi, addini, asali ko naƙasa. Amma in hanya ɗaya ta kai ƙara ita ce ta ofishin mai laifin, dokar ta zama ado. Wani wuri za ka ga akwatin shawara rataye, ƙura ta rufe shi, makullin kuma yana aljihun wanda ake son kai ƙararshi. Wanda bai iya rubutu ba ma, mi zai jefa ciki?

A samar da ƙofa fiye da ɗaya. Doka ta tanadi wakilan ma'aikata da ma'aikata ke zaɓa da kansu, a bar su su yi aikinsu, kuma a tabbata ƴan bakin ƙofa sun san su. A sa mace cikin masu karɓar koke. A yarda da koken baki kamar na rubutu. A riƙe sirrin mai ƙara. Abu mafi muhimmanci, a ba da amsa, ko da amsar ita ce ba za a iya ba, ga dalili. Mutum in ya yi magana sau biyu bai ji komai ba, ba ya yin ta uku. Sai shugaba ya ga gida shiru ya ɗauka lafiya ce, har ranar da ƙwararrun ma'aikatanshi za su fara ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan ɓata lokaci ne. Bokal na minti biyu da asarar da ake yi in direba bai ji an canza hanya ba, wanne ya fi tsada? A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, rashin jin labari na iya cin rai. Kuma maigadi da direba su ne ke ganin abin da ƴan cikin ofis ba su gani. In ba ku saba gaya musu ba, su ma ba za su saba gaya muku ba.

Wasu za su ce ai wannan tsarin Turawa ne. A'a. Tun kafin takarda da hatimi, in sarki yana da saƙo, mai shela ke zagaya gari da ganga, lungu-lungu, da harshen da mutane ke ji. Kuma tun 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo a ƙasar nan: mutanen gari su taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo a watsa. Magana ta je, magana ta dawo. Kakanninmu sun san wannan, mu ne muka manta.

Wasu kuma za su ce ba komai ake faɗa ma kowa ba. Gaskiya ne. Rashin lafiyar mutum, bashinshi, matsalar gidanshi, waɗannan amana ce. Amma ƙa'idar da ta shafi kowa ba sirri ba ce. Inda aka ɓoye ƙa'ida, jita-jita ke cike gurbin, kuma a ƙasarmu kun san rigar da jita-jita ke saurin sawa: "ai ƴan garinsu yake ba", "ai ƙabilarsu ce". Kowace shekara ranar 24 ga Afrilu muna hutun ranar haɗin kan ƙasa, don tuna yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995. To haɗin kan nan ba a filin taro kaɗai ake gina shi ba. Ana gina shi, ko a rusa shi, a yadda aka raba misiyo a ƙaramin ofis.

Mu ma ƴan ƙungiyoyin farar hula kada mu cire kanmu. Muna fita muna neman a yi komai a fili, amma sau nawa mutum huɗu ke yanke shawara a wani ƙaramin gurup, sauran mambobi su gani a Facebook? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san yawancinku ba shugabanni ba ne. Wasu istaji kuke, wasu bautar ƙasa, wasu shagon ɗinki ko gareji, wasu ma aikin ake nema. Amma galibi mu matasa mu ake ba rubuta sanarwa, mu ke riƙe da gurup, mu muka iya waya. Ikon da ke hannunmu ya fi yadda muke zato. Ranar Litinin in kun koma, ku rubuta sunan duk wanda ke aiki a gidan, tun daga shef har mai shara. Ku duba su wa ke cikin gurup, su wa ba su ciki. Ku tambayi mutum uku na ƙasa yadda suka ji sanarwar ƙarshe da aka yi, da kuma yaushe. Abin da kuka gano, ku kai ma na gaba da ku cikin ladabi, tare da shawarar gyara.

Ni abin da na yi ke nan bayan abin da ya faru. Na nemi izini, duk sanarwar da na rubuta sai in bi ta da bokal na Hausa, wani abokin aikina ya yi na Zabarmanci, sannan in fita bakin ƙofa in gaya ma Baba. Da farko wasu dariya suka yi mini, suna ce mini mai shela. Bayan ƴan watanni, shef da kanshi ke tambaya ko an yi bokal. Da layya ta sake zagayowa, sunan Baba ne na farko a takardar kontabul. Bashin da ya ci bara kuwa, ban iya goge shi ba, kuma har yau in na tuna ina jin kunya.

Ku yafe mini in na yi tsawo, ko na taka wani. Yanzu ni ma zan bi shawarar da na bayar in yi shiru. Ƴan uwana mata da ke can baya, da ƙannenmu da ke tsaye bakin ƙofa, ku za mu fara ji.